Wane ne abokin gaba a idon doka?

A bakin 'yan siyasa kalmar abokin gaba ba ta da tsada, domin kuwa suna jifan duk wanda suka ga dama da ita, tun daga ƙasar da ake takun saƙa da ita har zuwa ɗan adawa na cikin gida.

Amma a gaban alƙali lamarin ya sha bamban. A dokokin yaƙi da na tsaron ƙasa, abokin gaba matsayi ne mai sharuɗɗa, kuma da zarar ya tabbata a kan mutum ana iya harbe shi a fagen daga ba tare da shari'a ba, ko a tsare shi har yaƙi ya ƙare, ko a riƙe dukiyarsa, ko a hana shi shigar da ƙara a kotu.

Haka kuma ɗan ƙasar da ya taimaka masa yana iya fuskantar tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da a ƙasashe da dama hukuncinsa kisa ne.

Sai dai babu ma'ana guda da ta game ko'ina. Dokar ƙasa da ƙasa tana da tata, dokokin ciniki da dukiya suna da tasu, haka su ma dokokin soja da na manyan laifuka.

Asalin ma'anar

Tun zamanin daular Rum masana shari'a suka raba tsakanin maƙiyin mutum da abokin gabar ƙasa. Na farko suna ce masa inimicus, wato wanda ya ƙullaci wani a ransa. Na biyu kuwa hostis, wato al'ummar da Rum ta shelanta yaƙi a kanta, ko kuma ita ta shelanta a kan Rum. Waɗanda ba su shiga wannan sahu ba, kamar 'yan fashin teku da na tudu, ɓarayi kawai ake ɗaukarsu.

Malaman fiƙihun Musulunci su ma sun yi dogon bayani a kan batun, musamman Muhammad bin Hasan al-Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 805 miladiyya. A littattafansa na Siyar ya bambanta harbi, wato mutumin ƙasar da ake yaƙi da ita, da musta'min, wato wanda ya fito daga can amma ya shigo bisa alkawarin aminci. Shi wannan na biyun jininsa da dukiyarsa sun haramta har sai ya koma inda ya fito.

A 1762 masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau ya kawo hujjar cewa yaƙi alaƙa ce tsakanin ƙasa da ƙasa, don haka mutane ba sa zama abokan gabar juna sai a matsayinsu na sojoji, kuma da zarar sun ajiye makamai sun koma kamar kowa.

Kotunan Ingila da na Amurka kuwa sun daɗe a kan ra'ayin cewa idan ƙasashe biyu suka shiga yaƙi, to duk mutanensu sun zama abokan gabar juna, har da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba.

Dokokin zamani sun ɗebo daga ra'ayoyin biyu. Na Rousseau ya yi rinjaye a fagen daga, yayin da na kotunan ya saura a harkar ciniki da dukiya.

Shelar yaƙi

A da, shelar yaƙi ita ce ke mayar da ƙasa abokiyar gaba. Ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin da aka ƙulla a birnin Hague a 1907 ta wajabta wa ƙasa ta yi gargaɗi a fili kafin ta far wa wata, ko dai ta hanyar shelar yaƙi ko ta ba da wa'adi.

Har yanzu tsarin mulkin ƙasashe da dama yana fayyace wanda ke da ikon yin wannan shela. A Amurka majalisar dokoki ce, kuma rabonta da yin haka tun watan Yunin 1942, lokacin da ta shelanta yaƙi a kan Bulgeriya da Hungary da Romaniya. A Najeriya sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi da wata ƙasa sai da amincewar majalisun dokokin tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa.

To amma tun da kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi, in ban da don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu, ƙasashe suka riƙa ƙaurace wa kalmar yaƙi. Birtaniya da Ajantina sun gwabza a kan tsibiran Falkland a 1982 ba tare da ɗayansu ta yi shela ba. Rasha kuma ta kira mamayar da ta ƙaddamar a Ukraine a 2022 da sunan aikin soja na musamman.

Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda ƙasashe 196 suka amince da su, sun toshe wannan kafa. Sashe na 2 na kowacensu ya ce suna aiki ne a duk lokacin da aka yi arangama da makamai tsakanin ƙasashe, ko da ɗaya daga cikinsu ta musanta cewa ana yaƙi. Ke nan abin da ke faruwa a ƙasa ake dubawa, ko wane suna gwamnati ta raɗa masa.

Sojan abokan gaba

Dokar yaƙi ta ba sojan abokan gaba matsayi mai fuska biyu. Halal ne a kai masa hari muddin yana cikin rundunarsa bai miƙa wuya ba. Amma idan aka kama shi ba za a hukunta shi don ya yi yaƙi ba, ko da ya kashe sojojin ƙasar da ta kama shi, matuƙar bai keta dokokin yaƙi ba.

Yarjejeniyar Geneva ta uku ta ce fursunan yaƙi ba ya da wani abin da ya wajaba ya faɗa wa masu yi masa tambayoyi illa sunansa, da muƙaminsa, da ranar haihuwarsa, da lambarsa ta soja. Tsare shi ba horo ba ne, hanya ce kawai ta hana shi komawa fagen daga.

Mayaƙan sa kai ma suna iya samun wannan matsayi idan suka cika sharuɗɗa huɗu: su kasance ƙarƙashin kwamandan da ke ɗauke da alhakinsu, su sa alamar da za a gane su daga nesa, su riƙe makamansu a bayyane, kana su kiyaye dokokin yaƙi. Idan aka yi shakka a kan wanda aka kama, sashe na 5 ya ce a ci gaba da ɗaukarsa fursunan yaƙi har sai wata kotu da ta cancanta ta yanke hukunci.

Mutum biyu ba su da wannan gata. Na farko ɗan leƙen asirin da aka kama cikin ɓad da kama, ko da yake shi ma ba a hukunta shi sai an yi masa shari'a. Na biyu sojan haya, kamar yadda sashe na 47 na ƙarin yarjejeniya ta farko ta 1977 ya tanada. Wakilan Najeriya ne suka gabatar da wannan sashe a taron Geneva, bayan irin ɓarnar da sojojin haya suka yi a Kongo, da Angola, da kuma lokacin yaƙin basasar Najeriya.

Yarjejeniyar Rome ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ta sa kashe wanda ya ajiye makami, da shelar cewa ba za a bar kowa da rai ba, cikin jerin laifukan yaƙi.

Fararen hula

Matsala mafi sarƙaƙiya ita ce ta ɗan ƙasar abokan gaba da yaƙi ya rutsa da shi yana zaune a ɗaya ɓangaren, wataƙila ma ya shekara talatin a can da iyalinsa da sana'arsa.

A farkon yaƙin duniya na biyu Birtaniya ta kafa kwamitocin da suka tantance Jamusawa da 'yan Austriya kimanin 70,000 da ke ƙasar, waɗanda akasarinsu Yahudawa ne da suka tsere wa mulkin Hitler. A 1940, da tsoron mamaya ya ƙaru, sai aka tsare dubbansu, aka kuma tura wasu Kanada da Australiya. A watan Yulin shekarar wani jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin ruwan Arandora Star, wanda ke ɗauke da Italiyawa da Jamusawan da aka tsare, inda mutane kimanin 800 suka halaka.

A Amurka ma an kwashe mutane kimanin 120,000 masu asali da Japan zuwa sansanoni daga 1942, alhali kusan kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasar Amurka ne. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara a hukumance, ta kuma ware dala 20,000 ga kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka rage da rai.

Irin waɗannan abubuwa ne suka haifar da tanade-tanaden yarjejeniyar Geneva ta huɗu. Ta ba baƙo damar barin ƙasar idan yaƙi ya ɓarke, sai fa in tafiyarsa za ta cutar da ƙasar. Ta ce ba za a tsare shi ba sai tsaro ya tilasta haka, kuma dole a riƙa sake duba batunsa aƙalla sau biyu a shekara. Sashe na 44 kuma ya hana a ɗauki ɗan gudun hijira a matsayin abokin gaba don kawai yana ɗauke da takardun ƙasar da ya gudo daga cikinta.

An gwada waɗannan ƙa'idoji a Afirka lokacin yaƙin Habasha da Eritriya na 1998 zuwa 2000, sa'ad da Habasha ta kori dubun dubatar mutane masu asali da Eritriya. Hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafen ɓangarorin biyu da ta zauna a Hague ta yanke a 2004 cewa ƙasa tana da ikon korar 'yan ƙasar da take yaƙi da ita, amma ta kama Habasha da laifin korar wasu ba tare da bin ƙa'ida ba, da kuma raba da yawa da dukiyoyinsu.

Dokar Amurka ta 1798 kan baƙi abokan gaba tana nan ba a soke ta ba. Ta ba shugaban ƙasa ikon tsarewa ko korar 'yan ƙasar abokan gaba masu shekara 14 zuwa sama, idan an shelanta yaƙi ko an kawo wa ƙasar mamaya. An yi aiki da ita a yaƙin 1812 da kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu. A watan Maris na 2025 shugaba Donald Trump ya ɗauko ta a kan 'yan Venezuela da ake zargi da shiga gungun masu laifi na Tren de Aragua. Kotun ƙolin ƙasar ta ce dole a sanar da waɗanda abin ya shafa a kuma ba su damar zuwa kotu, yayin da wasu alƙalan tarayya suka yanke cewa ayyukan gungun ba su kai matsayin mamaya ba.

Ciniki da dukiya

A nan ba a cika duba fasfo ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Dokar Birtaniya ta 1939 da ta haramta ciniki da abokan gaba ta lissafa ƙasar da ake yaƙi da ita, da duk wanda ke zaune a yankin da ke hannunta, da kamfanin da mutanenta ke juya akalarsa. Dokar ta kuma bayyana cewa zama ɗan ƙasar abokan gaba shi kaɗai bai isa ya sa a kira mutum abokin gaba ba.

Ta haka Baturen Ingila da ke kasuwanci a Hamburg a lokacin yaƙin ya zama abokin gaba a wannan fanni, yayin da Bajamushen da ke zaune a London da izinin hukuma bai zama ba.

Batun kamfanoni ya samo tushe ne daga wata shari'a ta 1916 tsakanin kamfanin motoci na Daimler da kamfanin taya na Continental. An yi wa Continental rajista a Ingila, amma dukkan hannayen jarinsa, in ban da guda ɗaya, na Jamusawa ne, haka ma daraktocinsa. Da ya nemi Daimler ya biya shi bashi, sai Daimler ya ce biyan zai zama ciniki da abokan gaba. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke cewa kamfani yana ɗaukar matsayin masu riƙe da ragamarsa, ko a ina aka yi masa rajista.

Amurka ta yi tata dokar a 1917, kuma a ƙarƙashinta aka ƙwace kadarorin kamfanin magunguna na Bayer aka yi gwanjonsu a 1918. Sai a 1994 kamfanin ya sake mallakar sunansa a kasuwar Amurka.

A Kamaru, manyan gonakin ayaba, da roba, da kwakwar manja da Jamusawa suka kafa a gindin Dutsen Kamaru sun faɗa hannun Birtaniya a yaƙin duniya na farko. Da aka yi gwanjonsu a London a 1924, tsofaffin masu su ne suka sake sayen akasarinsu. An sake ƙwace su da aka shiga yaƙi na biyu a 1939, kuma su ne aka haɗa aka kafa hukumar raya Kamaru ta CDC a 1947.

Cin amanar ƙasa da dokokin soja

Dokar Ingila ta 1351 ta sa mara wa abokan gabar sarki baya cikin laifukan cin amanar ƙasa. Tsarin mulkin Amurka ya aro wannan, amma ya tsaurara sharuɗɗa: sai an sami shaidu biyu a kan aiki guda na zahiri, ko kuma wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa a gaban kotu.

Mutum na ƙarshe da aka kashe a Birtaniya kan wannan laifi shi ne William Joyce, wanda ya riƙa yi wa Jamus farfaganda ta rediyo da harshen Ingilishi. A birnin New York aka haife shi, kuma lauyoyinsa sun ce ba ɗan Birtaniya ba ne balle ya ci amanarta. Amma kotu ta ce tun da yana riƙe da fasfon Birtaniya a watannin farko na aikin nasa, to biyayya ga sarki ta hau kansa. An rataye shi a watan Janairun 1946. A 1998 Birtaniya ta soke hukuncin kisa kan cin amanar ƙasa.

Dokokin soja su ne suka fi faɗaɗa ma'anar kalmar. Dokar sojan Birtaniya ta 1955 ta haɗa da duk wanda ya ɗauki makami a kan dakarun ƙasar, da sojoji masu bore, da 'yan tawaye, da masu tarzoma ɗauke da makamai, da 'yan fashin teku. Ƙasashen da suka gaji tsarin Birtaniya, irin su Indiya da Najeriya, suna da kwatankwacin wannan a dokokinsu.

Dalili shi ne laifuka kamar gudu daga fagen daga, ko nuna ragwanci, ko ba da bayanan sirri, sun rataya ne a kan kasancewar abokin gaba, ko daga waje ya fito ko daga cikin gida. A watan Disambar 2014 wata kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa bisa laifin bore, bayan an zarge su da ƙin fita yaƙi da Boko Haram. Bayan shekara guda rundunar sojan ta sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma.

Yaƙin cikin gida

Ɗan tawaye yana iya zama abokin gaba a dokar soja, amma dokar ƙasa da ƙasa ba ta ba shi matsayin fursunan yaƙi ba. Gwamnati tana iya gurfanar da shi don kawai ya ɗauki makami. Abin da ke kare shi shi ne sashe na 3 na yarjejeniyoyin Geneva, wanda ya haramta kisan wanda ya daina faɗa, da azabtarwa, da garkuwa da mutane, da zartar da hukunci ba tare da sahihiyar shari'a ba.

A farkon yaƙin basasar Najeriya a 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa dakarunta wata takardar ƙa'idojin aiki da ta tunatar da su cewa ba da wata ƙasar waje suke yaƙi ba, tawaye suke murƙushewa, ta kuma umarce su da su kiyaye yarjejeniyoyin Geneva.

Bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001, gwamnatin George W. Bush ta fito da wani rukuni da ta kira haramtattun mayaƙan abokan gaba, waɗanda ta ce ba fursunonin yaƙi ba ne, ba kuma masu laifin da za a kai kotun farar hula ba ne. Ta kafa hujja da wata shari'a ta 1942 da ta shafi Jamusawa takwas da aka sauke a gaɓar Amurka don yin zagon ƙasa.

Mutane kimanin 780 ne aka tsare a sansanin Guantanamo tun daga buɗe shi a watan Janairun 2002, cikinsu har da Sami al-Hajj, ɗan Sudan mai ɗaukar hoto na tashar Al Jazeera, wanda aka saka a 2008 ba tare da an tuhume shi da komai ba. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2006 cewa sashe na 3 ya shafi waɗannan fursunoni, kana a 2008 ta tabbatar musu da 'yancin ƙalubalantar tsarewarsu a kotun tarayya. A watan Maris na 2009 gwamnatin Barack Obama ta daina amfani da sunan.

Matsayin ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya shi ne duk wanda ya faɗa hannun abokan gaba yana da wata kariya a ƙarƙashin doka, ko a matsayin fursunan yaƙi ko a matsayin farar hula.

Yaushe gaba ke ƙarewa?

Tsagaita wuta ba ya kawo ƙarshen halin yaƙi a hukumance. Koriya ta Arewa da ta Kudu sun daina faɗa a 1953, amma ba su ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Amurka ba ta kawo ƙarshen halin yaƙi da Jamus ba sai a 1951, shekara shida bayan an ajiye makamai.

Don kada fursunoni su riƙa jiran 'yan siyasa, yarjejeniyar Geneva ta uku ta ce a sake su ba da ɓata lokaci ba da zarar an daina faɗa. Duk da haka Iran da Iraƙi, waɗanda suka tsagaita wuta a 1988, sun ci gaba da musayar fursunoni har zuwa 2003.

Shi kansa kundin Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗauke da kalmar ƙasashe abokan gaba a sassa na 53 da 77 da 107, inda ake nufin ƙasashen da suka yaƙi masu rattaba hannu a kansa a yaƙin duniya na biyu, kamar Jamus da Japan da Italiya. Babban taron majalisar ya bayyana a 1995 cewa sassan sun tsufa, shugabannin duniya kuma suka amince a 2005 cewa a goge kalmar. Amma gyara kundin yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na ƙasashe, har da dukkan ƙasashe biyar masu kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu, kuma ba a kai ga yin hakan ba.

A Indiya, dokar 1968 ta ɗora wa wani jami'in gwamnati kula da gidaje da filayen waɗanda suka koma Pakistan ko China. A 2005 kotun ƙolin ƙasar ta umarci a mayar wa ɗan sarkin Mahmudabad dukiyar mahaifinsa, wanda ya koma Pakistan a 1957, bisa hujjar cewa shi ɗan bai taɓa barin zama ɗan Indiya ba. A 2017 majalisar dokoki ta yi wa dokar gyara, inda ta ce dukiyar abokin gaba tana nan a matsayinta ko da mai ita ya mutu, kuma ko da magajinsa ɗan Indiya ne.